Rariya ko Tanda? Ruwan Kiristal Mai Murɗi da Tseren Samar da Murɗaɗɗen Haske

A ƙarƙashin gilashin galibin wayoyin hannu masu fuska irin ta OLED akwai wani siririn shimfiɗi da aka manna domin ya kashe ƙyallin rana. Ba don shi ba, da ƙarfen da ke bayan fitilun fuskar ya zama madubi, mai waya ya riƙa ganin kansa maimakon saƙon da aka aiko masa. Shimfiɗin yana aikinsa, amma da tsada, domin kusan rabin hasken da wayar ta ƙona batir ta samar a cikinsa yake maƙalewa, ba ya isa ido. Dalili kuwa shi ne ba ya barin haske ya fita sai wanda ya dace da murɗi ta ɓangare guda, alhali fitilun suna fidda nasu a gauraye, rabi dama rabi hagu. Da a ce fitilar za ta haifi haskenta a murɗe tun daga tushe, ta ɓangaren da ƙofa take buɗe, da an tsira da wannan rabin. Wannan buri yana cikin abubuwan da suka tara masu bincike a Sin da Japan da Turai da Amurka a kan wani abu da ake kira ruwan kiristal mai murɗi.

Abin ya cancanci kulawar da yake samu. Sai dai ma'aunin da ake auna nasara da shi a wannan fage ya karkace, har ta kai ana yaba aikin rariya da sunan aikin tanda. Rariya tana zaɓe ne daga cikin abin da aka zuba mata, ta tare wani ta bar wani ya wuce. Tanda kuwa siffa take ba ƙullu, ko an kwashe waina daga cikinta siffar tana nan. Kalma guda ake amfani da ita a rubuce-rubucen fagen ga waɗannan ayyuka biyu, kuma wannan haɗin gambiza ne ya sa alƙaluma suke ta hauhawa a mujallu, wayar da ke hannun jama'a kuwa ba ta ga canji daga wannan hanya ba.

Kafin a kai ga hujja, ya kamata a san mene ne murɗaɗɗen haske. Haske kaɗawa ce da ke tafiya. A ɗaure igiya a jikin turke, a riƙe ɗaya bakin a riƙa kaɗa hannu sama da ƙasa, za a ga igiyar tana rawa a layi guda. Wannan shi ne misalin miƙaƙƙen haske. In kuwa aka riƙa juya hannun a da'ira, rawar za ta bi igiyar tana kewayawa kamar tufka, ko dai ta dama ko ta hagu. Masanin Faransa Augustin Fresnel ne ya bayyana wannan nau'i na haske a shekarun 1820. Idon ɗan'adam ba ya rarrabe na dama da na hagu, amma duk wanda ya taɓa sanya tabarau a gidan sinima mai nuna fim ɗin 3D irin na RealD ya ci moriyarsa, domin kowane gilashi ɗaya daga cikin biyun yake bari ya wuce. Abin dariya ma shi ne har yau masana haske da injiniyoyin rediyo ba su daidaita a kan wanne ne dama ba: waɗancan suna fuskantar hasken yana zuwa, waɗannan suna bin bayansa yana tafiya, don haka damar wani hagun wani ce.

Sifar da ke raba dama da hagu, wadda za a iya kira hannuntaka, ta daɗe a kimiyya. Tafin hannun dama da na hagu kama ɗaya suke, amma ba za a iya ɗora ɗaya a kan ɗaya su dace ba. A 1848 Louis Pasteur ya zauna da hantsaki yana ware ƙwayoyin wani gishirin tartarik gida biyu, na dama da na hagu, daga baya kuma Lord Kelvin ya laƙaba wa sifar suna daga kalmar Girkanci mai nufin hannu. Abin da hankali zai fara kawowa shi ne a ɗauki sinadari mai hannuntaka kuma mai fidda haske, shi ke nan an samu murɗaɗɗen haske. Ana samu, amma ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ma'aunin da ake amfani da shi, wanda ake yi wa alama da harafin g, yana auna rinjayen ɓangare ɗaya a kan ɗaya. Sifili yana nufin babu rinjaye, 2 kuma ita ce iyaka, wato hasken duka ya murɗa ɓangare guda. Ƙananan sinadarai masu tushen kabon sukan tsaya a wajen 0.001. Ma'anar haka ita ce a cikin ƙwayoyin haske 20,000, guda 10,005 ne suka bi hagu, 9,995 suka bi dama. Wannan rauni ba laifin masu harhaɗa sinadarai ba ne. Ƙwayar sinadarin ba ta wuce nanomita ɗaya ko biyu ba, zangon koren haske kuwa ya haura nanomita 500, saboda haka hasken da ƙyar yake jin murɗin abin da ya haife shi. Wasu haɗe-haɗen ƙarfen yurofiyom sun tsallake wannan shinge, akwai wanda aka ruwaito a 2008 ya kai 1.38, amma ƙa'idar da ta ba su rinjayen ita ce kuma ta sa layin hasken da ya fi murɗewa yake da rauni.

A nan ruwan kiristal ya shigo. A 1888 Friedrich Reinitzer, masanin tsirrai a birnin Prag, yana ɗumama wani sinadari da aka samo daga kolestarol sai ya ga yana narkewa sau biyu: a digiri 145.5 ya zama ruwa mai hazo, a 178.5 ya washe tas, kuma yana sanyaya sai launuka su gilma a cikinsa. Ya aika wa Otto Lehmann, masanin fiziya a Jamus, wanda ya gane cewa wannan hali ne na tsaka-tsaki, abu yana malala kamar ruwa amma ƙwayoyinsa suna jere kamar na kiristal. A 1922 Georges Friedel ya kasa irin waɗannan abubuwa gida-gida. A cikin nau'in da Reinitzer ya ci karo da shi, ƙwayoyin dogaye ne kamar tsinken ashana, suna kwance suna fuskantar wuri ɗaya, amma kowane hawa yana ɗan karkata daga na ƙarƙashinsa, har a kewayo a dawo inda aka fara. Tsawon wannan kewayo guda shi ne tazarar murɗi. Idan aka ninka tazarar da ma'aunin karya haske na abin, wanda yakan kasance wajen 1.5 zuwa 1.6, za a sami zangon hasken da tufkar za ta mayar baya. Tazarar nanomita 340 ko kusa da haka tana mayar da kore. Muhimmin abin lura shi ne tufkar hagu hasken hagu kaɗai take mayarwa, ta bar na dama ya ratsa ta salin-alin.

Halitta ta riga ɗan'adam sanin wannan dabara. A 1911 Albert Michelson ya lura cewa wani ƙwaro mai ruwan zinariya daga dangin buzuzu yana mayar da haske a murɗe, kuma daga baya aka tabbatar cewa ɓawon irin waɗannan ƙwari shimfiɗa ne bisa shimfiɗa a karkace, tamkar ruwan kiristal da ya daskare. A dazuzzukan Afirka, daga Kwaddibuwa zuwa Habasha, akwai tsiro mai suna Pollia condensata wanda 'ya'yansa suke da shuɗi mai ƙyalli kamar ƙarfe. A 2012 Silvia Vignolini da abokan aikinta a Kambirij suka nuna cewa babu ko ɗigon shuɗin rini a cikinsu, zaren selulos ne kawai da aka tufke a bangon ƙwayoyin halittarsu.

Hikimar amfani da tufka ke nan: tun da ƙwayar sinadari ta yi wa haske ƙanƙanta, sai a gina masa murɗi daidai girmansa. A ɗauki ruwan kiristal, a ɗiga masa ɗan sinadari mai hannuntaka ya tufke shi, a zuba abin da ke fidda haske a ciki, a daidaita tazarar murɗi da launin hasken. A 1999 Shaw Chen da tawagarsa a Jami'ar Rocesta ta Amurka suka buga a mujallar Nature cewa sun sami haske kusan tsantsar ɓangare guda daga irin wannan shimfiɗi da aka daskarar kamar gilashi. Tun daga nan babu abin da ba a zuba a cikin tufka ba: rini iri-iri, ɗigon kwantam, ɗigon kabon, ƙananan kiristal na perobskayit. Alƙaluman g da suka haura 1 sun zama ruwan dare. Daga 0.001 zuwa 1.5 ninki 1,500 ne, kuma haka ake so a rubuta shi a kanun maƙala.

To amma me aka ninka? A cikin tsarin da ya fi sauƙi, kuma ya yawaita, abin da ke fidda haske yana shimfiɗi ɗaya, tufka tana wani a samansa. Hasken yana fitowa a gauraye kamar yadda ya saba, tufka ta tare rabi ta mayar baya, rabi ya wuce, na'urar awo ta ga ɓangare guda ta rubuta babban adadi. Wannan rariya ce tsantsa. Abin da ke fidda hasken bai san an yi ba, bai sauya hali ko da ƙwayar zarra ba. Duk wanda ya sayi matacin haske na kasuwa ya ɗora a kan fitilar a-ci-balbal zai sami adadin da ya kusa 2, kuma ba wanda zai kira hakan ganowa. Idan manufar ita ce a ceto rabin da ke salwanta a fuskar waya, to an dai matsar da wurin asarar ne daga wannan shimfiɗi zuwa wancan. Kwatanta irin wannan adadi da na ƙwayar sinadari guda a cikin ruwa, a ce an ninka, kamar kwatanta nauyin tsaba ne da na zangarniya a ce hatsi ya ƙaru.

Adalci ne a faɗi cewa wannan rariya ta fi ta kasuwa da abu ɗaya mai muhimmanci. Matacin kasuwa shanye rabin yake yi ya mayar da shi zafi, tufka kuwa mayarwa take yi baya. Madubin ƙarfe yana da ɗabi'ar juya murɗi, na hagu ya dawo na dama. Saboda haka idan akwai madubi a baya, hasken da tufka ta kora zai iya dawowa da sabon hannu ya wuce. Wannan dabara ce ta injiniya mai amfani, kuma ba abin kunya ba ce. Abin da ake nema kawai shi ne a kira ta da sunanta, a kuma auna ta da ma'auninta, wato yawan hasken da ya fita idan aka kwatanta da wanda aka samar.

Akwai hali na biyu da ya fi wannan zurfi, wato idan abin da ke fidda haske yana narke a cikin tufkar kanta. A nan ba a jira hasken ya fito sannan a tace shi. Tufkar tana rage wa ƙwayar damar haifar haske mai hannu irin nata a tsakiyar zangon da take tarewa, tana kuma ƙara mata damar a gefe-gefen zangon. A kan wannan ne aka gina na'urar lesa ta ruwan kiristal, wadda ba ta bukatar madubai, kuma an nuna ta a fili a 1998. Wannan ya wuce tacewa, amma bai kai tanda ba, domin da zarar an narkar da tufka komai ya koma yadda yake. Kuma yana da sharuɗɗa masu nauyi. Ana bukatar kewayo goma ko kusa da haka kafin tufka ta yi cikakken aiki, wato kauri na mikiromita da yawa, alhali shimfiɗin da ke fidda haske a fitilar OLED bai cika wuce nanomita 100 ba, kuma lantarki ba ya ratsa ruwan kiristal mai kauri yadda ake so. Shi ya sa kusan duk manyan alƙaluman nan da fitilar bincike ko lesa aka haska samfurin aka same su, ba da batir ba. Launin da tufka ke tarewa yana kuma gusawa zuwa shuɗi idan aka kalle ta a karkace, sannan zafi yana taɓa tazarar murɗi. Wannan raunin ne ma aka mayar sana'a a ma'aunin zafin jiki da ake mannawa a goshi. Sanannen ruwan kiristal ɗin nan 5CB, wanda George Gray da abokansa suka harhaɗa a Jami'ar Hull a farkon shekarun 1970, yana rasa jerinsa gaba ɗaya a wajen digiri 35, zafin da bai kai na la'asar ɗin Sakkwato a watan Afrilu ba. Gaurayen da masana'antu suke amfani da su sun fi haka juriya nesa, kuma ana iya daskarar da tufka ta zama roba, amma kowane gyara yana da abin da yake ci.

Tanda ta gaskiya tana nan, sai dai ba ta cika yawa ba. A 1998 Kazuo Akagi da abokan aikinsa a Jami'ar Tsukuba ta Japan suka harhaɗa robar poliyasetilin a cikin ruwan kiristal mai murɗi. Da aka wanke ruwan, sai ga zaren robar a tufke, dama ko hagu gwargwadon ruwan da ya raine shi. Wannan roba ba ta shahara da fidda haske ba, amma ta tabbatar da ƙa'ida: murɗi yana iya ƙaura daga mazubi zuwa abin da aka zuba. A 2010 kuma tawagar Mark MacLachlan a Jami'ar British Columbia ta Kanada ta yi amfani da selulos. Idan aka jiƙa auduga ko ɓargon itace a cikin asid irin na batirin mota, sassan da ba su da tsari suna narkewa, a bar ƙananan tsinkaye masu tsawon nanomita ɗari zuwa 'yan ɗaruruwa. Tun 1992 aka nuna cewa waɗannan tsinkaye suna tufke kansu a cikin ruwa, kuma tufkar tana zama idan ruwan ya bushe. Masu binciken Kanada suka cakuɗa su da silika, suka ƙone selulos ɗin, aka bar gilashi mai ƙofofi wanda ya riƙe tufkar da launinta. Selulos yana da araha, ba ya da guba, amma yana da taurin kai guda: kullum hagu yake tufkewa, don haka hasken da ke ratsa shi ya fita na dama ne. Ko a nan ma sai an yi hattara. Idan aka cusa rini a ƙofofin wannan gilashi, gilashin ne ya ga tanda, rinin kuwa rariya ya gani.

Inda ya fi dacewa a zuba ido shi ne siraran shimfiɗun roba masu ɗaukar lantarki. A 1997 masu bincike a Eindhoven ta ƙasar Holan suka fara samun murɗaɗɗen haske kai tsaye daga fitilar roba, da rinjaye ɗan mitsitsi. A 2013 tawagar Matthew Fuchter a Kwalejin Imperial ta Landan ta gauraya wata roba marar hannuntaka da ɗan sinadari mai siffar tufka, ta sami g na wajen 0.2 daga fitila mai aiki da lantarki. A 2020 Jessica Wade da abokan aikinta suka kawo hujjar cewa a irin waɗannan siraran shimfiɗu ba mayar da haske irin na tufka mai kauri ne ke haifar da rinjayen ba, yana fitowa ne daga yadda sarƙoƙin robar suka jeru a murɗe suna amsa wa haske tare. Adadin 0.2 bai kai 1.5 armashi a kanun maƙala ba, amma ya fi shi kusa da aljihun mai waya. Lissafin a bayyane yake: idan g sifili ne, kashi 50 cikin ɗari ne iyakar abin da zai ratsa shimfiɗin kashe ƙyalli, idan 0.2 ne, kashi 55. Idan ya kai 1, kashi 75. Wannan hanya ma tana da ƙayarta, domin madubin nan da ke taimakon rariya shi ne yake cutar fitila: rabin hasken da ya nufi baya yana dawowa da hannu a juye, ya rage rinjayen wanda ya nufi gaba.

Saura batun awo, wanda ba a son a yi maganarsa da ƙarfi. Daskararren shimfiɗi yakan ɗauki miƙaƙƙen jeri ta wani ɓangare, kuma na'urar awo tana iya karanta wannan a matsayin murɗi. Maganin sananne ne: a juya samfurin a sake awo, a kifa shi a sake, a yi tagwayensa na ɗaya hannun a ga ko alamar ta juya daidai wa daida. Maƙalar da ba ta nuna an yi haka ba, adadinta zance ne kawai. A 2021 Lorenzo Arrico da Lorenzo Di Bari da Francesco Zinna na Jami'ar Pisa a Italiya suka ba da shawarar wani ma'auni da ya haɗa abu uku, wato yawan hasken da sinadari ya sha, da kason da ya mayar, da rinjayen murɗinsa. An tsara shi ne domin sinadaran da ke cikin ruwa, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa ya shafi kowa: murɗin da babu haske a bayansa ba shi da mai saye. Editocin mujallu suna da ikon tilasta kwatankwacinsa ga shimfiɗu, su nemi kowane marubuci ya faɗi a fili ko abin da ke fidda haskensa yana ƙarƙashin tufka ne, ko a cikinta, ko kuwa shi kansa ya tufku, sannan ya kawo yawan hasken da ya fita tare da tufka da kuma babu ita.

Mai kare fagen zai ce ai ba fuskar waya kaɗai ake nufi ba. Gaskiya ne. Tawadar tsaro da ake bugawa a takardu masu daraja, wadda ke bayyana ta gilashi ɗaya ta ɓace ta ɗaya, ba ruwanta da ko rariya ce ta yi aikin ko tanda, kuma a can babban g shi ne abin nema. Haka ma wasu na'urorin gano sinadarai. Amma maƙalun da kansu ne suke buɗewa da alkawarin fuskar da ba ta cin batir, don haka da wannan alkawari ya kamata a riƙe su. Masana'antu kuwa ba su tsaya jira ba. A 2021 kamfanin Samsung ya fitar da wayar Galaxy Z Fold3 da fuskar ciki wadda aka cire mata shimfiɗin kashe ƙyallin gaba ɗaya, aka maye gurbinsa da matatan launi da baƙin shinge tsakanin fitilu. Babu ko ƙwayar murɗaɗɗen haske a cikin wannan mafita.